BABI NA UKU: TARIHIN GIRKA TA DAURI A CIKIN WASAN ASSASSIN'S CREED ODYSSEY

3.0 Shimfiɗa

Bahaushe ya daɗe da rarrabe tatsuniya da tarihi. Mai tatsuniya yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ya kuma rufe da "ƙurunƙus", domin mai sauraro ya san inda ƙage ya fara da inda ya tsaya. Mai ba da tarihi kuwa, a fada ne ko a zaure, yakan jingina maganarsa ga wanda ya ji ta daga bakinsa, saboda idan an tuhume shi ya sami madogara. A wannan zamani an sami wata hanya ta uku ta isar da labarin mutanen da suka shuɗe, watau wasan kwamfuta, wadda ke cuɗa tarihi da ƙage a mazubi ɗaya ba tare da wata alama da za ta raba su ba.

Wannan babi zai nazarci ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, mai suna Assassin's Creed Odyssey, wanda aka gina a kan ƙasar Girka ta dauri. Za a fara da bayanin wasan, sa'annan a kawo tarihin zamanin da ya ɗauka, a kuma nuna inda ya bi tarihi da inda ya kauce masa. Daga nan za a ɗauki wuri ɗaya, watau mahaƙar azurfa ta Lawuriyon, a matsayin ma'auni. Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, dutsen da aka haƙa a can dutsen dalma ne, kuma mutanen Tungar Daji da maƙwabtansu a ƙasar Anka da Bukkuyum sun ga abin da ƙurar dalma ke yi wa ɗan Adam a shekarar 2010. Shekarun da aka sa wa harufan K.M. na kafin Miladiyya ne, kuma ana ƙirga su ne da baya-baya, ta yadda 431 ta riga 404 zuwa.

3.1 Asalin Wasan da Tsarinsa

Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ne ya fitar da wannan wasa a ranar 5 ga Oktoba, 2018, kuma reshensa na birnin Kubek a ƙasar Kanada ne ya jagoranci aikin. Wasan ɗaya ne daga cikin jerin da aka fara tun 2007, wanda kowane kashi nasa kan ɗauki wani zamani na tarihi. Wanda ya gabace shi a 2017 an gina shi ne a kan Masar ta dauri. Ana buga shi a na'urorin PlayStation 4 da Xbox One da kuma kwamfuta. Ya zuwa shekarar 2020 kamfanin ya bayyana cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 10, adadin da littafin tarihin Girka kan yi wuya ya kai.

Akwai siffofi uku da ya kamata a fahimta game da tsarinsa. Na farko, wasa ne mai sakakken fili, ma'ana ba a tsare mai wasa a kan turba ɗaya ba. Yana iya hawa doki ya nufi duk garin da ya so, ko ya shiga jirgin ruwa ya ƙetara zuwa wani tsibiri. Na biyu, wasan faɗa ne, domin mafi yawan ayyukan da ake ba mai wasa da takobi da mashi da baka ake gama su. Na uku, wasan shiga rigar wani ne, watau mai wasa yakan zama wani mutum a cikin labarin, ya zaɓi amsar da zai ba mutane, zaɓin nasa kuma ya shafi yadda labarin zai ƙare.

Mai wasa yakan zaɓi ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyu, Kassandra ko Alexios, waɗanda aka ƙaga a matsayin jikokin Sarki Liyonidas na Sifarta. Wanda aka zaɓa yakan tashi a tsibirin Kefaloniya a matsayin sojan haya, bayan an jefo shi daga kan dutsen Tayigetos yana yaro. Daga nan sai ya shiga duniya neman danginsa, yana yi wa Atina aiki yau, gobe ya yi wa Sifarta, gwargwadon wanda ya biya. A cikin tafiyar ne yake gano wata ƙungiyar asiri mai suna Kosmos, wadda wasan ya nuna cewa ita ke rura wutar yaƙin daga ɓangarorin biyu. Labarin ya ɗauki shekarun 431 zuwa 422 K.M.

3.2 Zamanin da Aka Gina Wasan a Kansa

Girka ta wancan zamani tarin birane ce masu cin gashin kansu, kowane da dokarsa da rundunarsa, amma harshe da addini da bukukuwa sun haɗa su. Mai karatu zai iya kwatanta su da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara kafin jihadin 1804, waɗanda harshe ɗaya bai hana su yaƙar juna ba. Manya daga cikin biranen su ne Atina, mai ƙarfin jiragen ruwa da mulkin taron jama'a, da Sifarta, mai ƙarfin sojan ƙasa da sarakuna biyu a lokaci guda.

Biranen biyu sun haɗa kai lokacin da daular Farisa ta kawo hari. A shekarar 480 K.M. Liyonidas ya mutu yana tare mashigin Tarmofili, kuma a wannan shekara jiragen Girkawa suka karya na Farisa a Salamis. Bayan haka Atina ta kafa ƙawancen birane a 478 K.M., aka ajiye baitulmalinsa a tsibirin Delos. A 454 K.M. sai aka kwashe baitulmalin zuwa Atina, gudummawar ƙawaye ta rikiɗe ta zama haraji, wanda ya yi yunƙurin fita kuma aka mayar da shi da ƙarfin tsiya. A ƙarƙashin jagorancin Feriklis aka gina babban ɗakin bautar nan na Fartenon tsakanin 447 da 432 K.M.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin ɓangarorin biyu a 431 K.M., shi ne ake kira Yaƙin Felofonis. Tusididis, mutumin Atina wanda ya yi yaƙin da kansa ya kuma rubuta tarihinsa, ya bambance dalilan da aka riƙa faɗa a bainar jama'a da ainihin dalili. Na fili su ne rigingimun Korkira da Fotidiya da takunkumin da aka sa wa birnin Megara. Ainihin dalilin kuwa a ganinsa shi ne bunƙasar ƙarfin Atina da tsoron da wannan ya jefa a zukatan mutanen Sifarta. Da Sarki Arkidamos ya shigo ƙasar Atika da runduna, sai manoma suka tattara a cikin ganuwar Atina, cunkoson kuma ya haifar da annoba a 430 K.M., wadda ta ci Feriklis kansa a 429 K.M. A 425 K.M. mutanen Atina suka kama sojojin abokan gaba 292 a kusa da Filos, kimanin 120 daga cikinsu 'ya'yan Sifarta ne na asali. A 422 K.M. aka gwabza a Amfifolis, inda Kiliyon na Atina da Birasidas na Sifarta suka mutu a rana ɗaya. An ƙulla sulhu a 421 K.M., amma bai ɗore ba. Atina ta yi asarar runduna guda a Sisili tsakanin 415 da 413 K.M., ta rasa jiragenta a 405 K.M., ta kuma miƙa wuya a 404 K.M.

3.3 Inda Wasan Ya Bi Tarihi da Inda Ya Kauce

Adalci ne a fara da abin da masu wasan suka kyautata. Sun nemi shawarar masana tarihi, sun kuma yi amfani da sakamakon tonon ƙasa wajen sake gina birane kamar Atina da Korinti da Delfi da Olimfiya. Alal misali, sun nuna gumaka da gine-gine da fenti mai launi, kamar yadda bincike ya tabbatar suke a da, saɓanin farin dutsen da ake gani a gidajen tarihi yanzu. Haka kuma sun kawo mutanen tarihi irin su Feriklis da Asfasiya da Sokratis da Hifokratis da Alkibiyadis, tare da annobar Atina da yaƙe-yaƙen Filos da Amfifolis a bisa jerin da suka auku. Bugu da ƙari, a watan Satumba na 2019 kamfanin ya fitar da wani sashe na koyarwa mai suna Discovery Tour, wanda aka cire wa faɗa, aka tsara shi a kan rangadi 30 domin makarantu.

Kaucewar wasan kuwa iri uku ce. Akwai ƙage bayyananne, kamar dodanni irin su Minoto mai kan bijimi da Medusa mai gashin macizai. Wannan ba shi da haɗari, domin kowa ya gan shi ya san an shiga tatsuniya. Akwai kuma sauyin da aka yi saboda armashi. An matse nisan garuruwa ta yadda tafiyar kwanaki ta koma ta mintuna. An mayar da yaƙi kokawar ɗaiɗaikun mutane, alhali sojojin Girka sahu-sahu suke tsayawa, garkuwar kowa tana kare na kusa da shi. An bar mace ta shiga gasar Olimfiya da jikinta, alhali a tarihi Kiniska ta Sifarta, wadda ta fara cin gasar a 396 K.M., ta ci ne a matsayin mai dawakin da suka yi tsere. Har ila yau an zaɓi Hirodotas ya zama abokin tafiyar jarumin, duk da cewa shi tarihin yaƙin Farisa ya rubuta.

Kaucewa ta uku ita ce mafi nauyi, domin ta shafi dalilan aukuwar abubuwa. A cikin wasan, kashe Feriklis aka yi a Fartenon bisa makircin ƙungiyar Kosmos, kuma yaƙin gaba ɗayansa aikin wasu mutane ne masu rufe fuska. Ke nan abin da Tusididis ya sha wahalar bayyanawa, watau haraji da tsoro da kwaɗayin mulki da ƙuri'ar da talakawan Atina suka kaɗa da hannunsu, an tattara shi an ɗora a kan 'yan tsirarun miyagu. Wanda ya tashi da wannan fahimta zai ɗauka cewa kowace masifa tana da mutum ɗaya a bayanta, kuma da an kawar da shi an huta. Mahaƙar Lawuriyon ta isa misalin da zai nuna raunin wannan fahimta.

3.4 Azurfar Lawuriyon da Ƙarfin Atina

Lawuriyon yanki ne mai duwatsu a kudancin Atika, kimanin kilomita 50 zuwa 60 daga birnin Atina. An daɗe ana haƙa a wurin, amma a wajen 483 K.M. aka tarar da wata jijiya mai yawan azurfa. Kamar yadda Hirodotas ya ruwaito, an so a raba kuɗin ga 'yan gari, kowa ya sami dirakma 10, sai Temistoklis ya shawo kan jama'a aka zuba su a ƙera jiragen yaƙi. Hirodotas ya ce jirage 200 ne, wani littafi da ake jingina wa makarantar Aristotil kuma ya ce 100. Ko wanne aka ɗauka, waɗannan jirage, masu matuƙa 170 kowanne, su ne ƙashin bayan nasarar Salamis bayan shekara uku. Daga wannan azurfa kuma aka riƙa buga kuɗin Atina mai hoton mujiya, wanda nauyinsa ya kai kimanin giram 17, aka kuma karɓe shi a kasuwannin da ke nesa da Girka.

Abin lura shi ne, azurfar Lawuriyon a cikin dalma take. Dutsen da ake haƙowa dangin dutsen tozali ne, irin wanda ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma azurfar da ke cikin dalmar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka kafin a sami abin da zai isa buga kuɗi ƙwaya ɗaya, sai an sarrafa dalma mai nauyin da ya ninka shi sau ɗaruruwa. Aikin mataki-mataki ne. Ana gina rijiyoyi, wasu zurfinsu ya wuce mita 100, daga nan a yi ramuka a kwance, da yawansu tsayinsu bai kai mita ɗaya ba, ta yadda sai a durƙushe ko a kwance ake sara da guduma da kurfi, da hasken fitilar mai. Idan an fito da dutsen sai a farfasa shi, a niƙe shi, a wanke garin a kan wasu dandamali da aka yi wa magudanai, mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya bi ruwa. Da yake yankin ba shi da wadatar ruwa, an gina manyan tafkuna na tara ruwan sama, ana kuma maimaita amfani da shi. Bayan wanki sai a narka a tanderu a sami dalma, a sake narka ta ana hura mata iska har ta rabu da azurfar.

Wasan ya sanya wannan mahaƙa a cikin taswirarsa, kuma ɗaya daga cikin rangadin sashen koyarwa a kanta yake. Ta fuskar siffa, an yi ƙoƙari. Mai wasa yana iya shiga ramukan, ya ga ma'aikata da masu tsaronsu, ya kwashi abin da ya samu, ya fito da ƙarin dirakma a jakarsa.

3.5 Bayi da Dalma

Waɗanda suka yi wannan aiki mafi yawansu bayi ne. Hukumar Atina ce ke ba da hayar wuraren haƙa ga masu hali, su kuma su sa bayinsu ko su ɗauko hayar na wasu. Zinofon, a cikin ɗan littafinsa kan hanyoyin samun kuɗin shiga, ya ambaci cewa Nikiyas, wanda sulhun 421 K.M. ke ɗauke da sunansa, yana da bayi 1,000 a mahaƙar, ana biyansa obol ɗaya a kan kowane bawa a kullum, da sharaɗin cewa wanda ya ɗauki hayar zai riƙa cike gurbin duk wanda ya ragu. Obol 6 ke yin dirakma ɗaya, ke nan Nikiyas na samun fiye da dirakma 160 a rana, a zamanin da dirakma ɗaya ita ce ladan yinin ƙwararren magini. Sharaɗin cike gurbi kuwa shi kaɗai ya isa ya nuna cewa an san mutanen suna ƙarewa. Masana na zamani suna kiyasta cewa a lokacin bunƙasar aikin bayin sun kai 10,000 zuwa 20,000. Da mayaƙan Sifarta suka kafa sansani a Dikeliya a 413 K.M., Tusididis ya ce bayi fiye da 20,000 suka gudu daga ƙasar Atika, kuma wannan gudu yana cikin abin da ya karya arzikin birnin.

Mutanen da ba su jahilci cutar wurin ba. Zinofon ya kawo wata hira inda Sokratis ya ambaci cewa ana faɗin yankin mahaƙar ba shi da lafiyar zama. Sitirabo, wanda ya zo daga baya, ya ce a ƙasar Sifen ana yi wa tanderun azurfa dogayen bututun hayaƙi saboda hayaƙin yana kisa. Diyodoros na Sisili kuma ya bayyana yadda ake aikin zinariya a kudancin Masar: yara na kwaso dutse daga rami, maza na dakawa a turmi, mata da tsofaffi na niƙawa har ya zama gari. Duk da haka, abin da marubutan Atina suka adana da ƙididdiga shi ne kuɗin haya da ribar masu bayi. Shaidar ƙurar sai daga baya kimiyya ta tono ta. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 1994 ya gano cewa dalmar da ke cikin ƙanƙarar Girinlan ta ninka ta asali kusan sau huɗu a zamanin Girkawa da Rumawa, watau hayaƙin tanderunsu ya yi tafiyar dubban kilomitoci. A garin Lafriyo na yanzu, inda aka farfaɗo da aikin daga shekarun 1860 har zuwa kusan ƙarshen ƙarni na 20, binciken likitoci a shekarun 1980 ya sami dalma mai yawa a jinin yara.

A cikin wasan akwai wani ɗan aiki na gefe a wannan yanki, inda wani bawa ke neman 'yancinsa daga ubangijinsa, ubangijin kuma ɗan ƙungiyar Kosmos ne. A nan ma an mayar da zaluncin halin mutum ɗaya. Tarihi kuwa ya nuna cewa Nikiyas mutum ne da aka shaida da tsoron alloli da son sulhu, kuma dokar gari ce ta halatta masa abin da ya yi.

3.6 Tungar Daji a Matsayin Madubi

Tungar Daji ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, a yankin yammacin jihar da ya haɗa da Bukkuyum da Gummi. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya, amma da farashin zinariya ya tashi a duniya, har ya haura dala 1,200 a kan kowane oza a 2010, sai da yawa suka koma haƙa. Akan ɗauko dutsen a buhuna a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida, sa'annan a kama zinariyar da zaiba. Abin da ba a sani ba shi ne, wata jijiyar da aka shiga tana ɗauke da dalma mai yawan gaske.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido a kan cutar sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Yaran kan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai mutuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu amfani ba. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma. Ƙauyukan da abin ya fi shafa su ne Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. An kiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu. Binciken da aka yi gida-gida a biyu daga cikin ƙauyukan ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wuraren wasan yara kashi 400 ne.

Maganin bai zo a rana ɗaya ba. Sarakunan yankin sun ba da umarnin fitar da aikin niƙa daga cikin gari. An kankare saman ƙasar gidaje aka binne a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa, domin ba a ba yaro maganin fitar da dalma ya koma rarrafe a kan ƙasar da ta cutar da shi. An yi wannan aiki a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, a Tungar Daji da sauran huɗu daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013 saboda jinkirin sakin kuɗi. An yi wa dubban yara magani, kuma MSF ba ta miƙa aikin ga hukumomin jiha ba sai a 2022.

Akwai bambanci tsakanin wuraren biyu da bai kamata a tsallake ba. Mahaƙan Zamfara 'ya'ya ne da talauci ya tura, zinariya suke nema, dalmar kuma a ɓoye ta zo musu. Na Lawuriyon bayi ne, dalmar ita ce ainihin abin da suke sarrafawa, ga kuma hayaƙin tanderu a kan ƙurar niƙa. Amma matakan fasawa da niƙa da wanki iri ɗaya ne, jikin ɗan Adam kuma bai sauya ba. Idan 'yan shekarun niƙa sun yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum wannan ɓarna, to ana iya kyautata zaton cewa abin da ya sami mazauna Lawuriyon a tsawon ƙarnoni bai gaza haka ba. Daɗin daɗawa, a Tungar Daji babu wani mugu ɗaya da za a nuna da yatsa. Farashin kasuwar duniya da talauci da rashin sani da rashin sa idon hukuma su suka haɗu, kuma da shebur da magani da haƙurin shekaru aka fita.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa wasan Assassin's Creed Odyssey ya kyautata siffar Girka ta dauri, ta fuskar gine-gine da sutura da sunayen mutane da jerin yaƙe-yaƙe, har ya kai waɗannan abubuwa ga miliyoyin matasan da ba za su buɗe littafin Tusididis ba. An kuma ga cewa rauninsa yana wajen bayyana dalilai. Da yake an gina shi a kan jarumi mai zaɓi da takobi, dole ne kowace matsala ta zo da fuskar da za a iya sara. Bawan Lawuriyon ba shi da zaɓi, abin da ke kashe shi kuma ƙura ce da ke aiki a hankali cikin watanni da shekaru, don haka tsarin wasan ba shi da gurbin da zai sa shi, sai dai ya tsaya a gefen hanya yana sara dutse.

Bisa ga haka, malamin da zai yi amfani da irin wannan wasa wajen koyar da tarihi yana bukatar ya yi wa ɗalibansa aikin da mai tatsuniya ke yi, watau ya nuna musu inda ƙage ya fara da inda ya tsaya. Ya kuma dace ya riƙa tambayarsu daga ina dirakmar da jarumin ke tarawa ta fito, da kuma wanda ya niƙa dutsenta. Ɗalibin da ya fito daga Anka ko Bukkuyum ko Gummi yana da abin da zai amsa wannan tambaya da shi daga tarihin ƙasarsa. Babi na gaba zai duba yadda za a iya auna labaran kafuwar garuruwan ƙasar Zamfara da wannan ma'auni.